Hannun Hadda

Kwana uku ya rage a shiga Yannayir, sabuwar shekarar mutanen dutse, amma masaƙa tana nan tsaye a ɗakin Tuda, zarenta a ɗame tamau.

Duk ƙauyen Tagunt an sani. Matan da suka ɗora saƙa tun kaka kowace ta sauke tata, ta yanke darduma, ta kwance gungume ta jingine a bayan ɗaki, saboda sabuwar shekara ba ta iske masaƙa a tsaye. In ta iske, abin da ke ɗaure a zaren shi zai ɗaure gidan har shekara ta zagayo. Gida ɗaya ya rage, na ƙarshe a kan hanyar dutse, inda 'yan matan marigayi Assu suka zauna su biyu shekara goma sha ɗaya. Yanzu saura ɗaya.

Aikin kam an gama shi. Tun Juma'ar da ta wuce Tuda ta buga layin ƙarshe. Wuƙa tana kan taga, an wasa ta. Kullum da safe sai ta shigo ta yi wa masaƙa sallama, ta watsa ɗan gishiri a gindinta, ta dubi wuƙar, ta juya ta fita.

Su biyu suka ɗora ta, ita da yayarta Hadda. Ranar wadari Hadda ce ta kafa turaku a tsakar gida, Tuda tana kai da komo da dunƙulen zare tana waƙa, domin dardumar ta ɗakin aurenta ce. An sa ranarta da Bassu, in ƙanƙara ta narke. Da aka shigo da zaren aka tayar da gungume, Hadda ta hau na ƙasa da ƙafa biyu, ta ja igiya, ta ƙara ja, har jijiyoyin wuyanta suka fito. Sannan ta ɗana zaren da yatsa, ya yi kuka kamar tsarkiya.

"To, rai ya shiga," in ji Gwaggo Itto, ƙanwar mahaifinsu, ta shafa masa hannu tana bisimilla.

Daga wannan lokacin masaƙa mai rai ce. Ana gaishe ta, ana ba ta gishiri, namiji ba ya shiga bayanta, kuma ba a faɗin baƙar magana a gabanta. Ranar da za a yanke ta kuwa sai an ba ta ruwa, kamar yadda ake ɗiga wa mai barin duniya.

Hadda ce a dama, Tuda a hagu, bayansu a jikin bango, farin zare a gabansu kamar labule. Kowa a ƙauyen ya san hannuwansu. Hadda in ta ƙulla ulu sai ka ce za ta tatse ruwa daga cikinsa. In ta kawo matajin ƙarfe ta buga, sai kwanon shayi ya motsa a kan faranti. Haka take komai: haka take ɗaure kallabi, haka take ɗaure ƙafar tunkiya, haka take riƙe hannun Tuda a hanyar kasuwa tun Tuda tana da shekara tara, lokacin da uwa da uba suka tafi a damina ɗaya. Ita kuwa Tuda hannunta sako-sako ne. Ƙullinta yana numfashi, layinta yana ɗan rausaya, tana saƙa tana kallon taga.

Hannu biyu irin waɗannan in suka haɗu a darduma ɗaya, dole gefe ɗaya ya tsuke.

Wata safiya ce a farkon sanyi Tuda ta zagayo gaban masaƙar ta tsaya riƙe da ƙugu.

"Yaya, zo ki ga aikinki. Dardumar amarya ce wannan ko ƙafar wando?"

Hadda ba ta ɗago ba. "Dubi naki gefen tukuna. Kaza ma sai ta shiga ciki ta yi ƙwai."

"Yatsa biyu fa ya shige ciki! Dangin Bassu za su zo su zauna a kai su yi ta dariya."

"In sun zauna a nawa gefen, jikokinsu ma za su zauna. Naki kuwa kafin ki yaye ɗan fari ya zama tsumma."

Da nan maganar ta tsaya, da dariya za a yi, kamar kullum. Amma Tuda ta kwana da wani abu a ranta. Jiya Hadda ta hana ta zuwa rijiya da yamma saboda motar Bassu tana tsayawa a can. Sai ta ji bakinta ya buɗe da kansa.

"Shi ya sa babu wanda ya zo neman ki. Wane namiji zai yarda ya shiga hannun nan? Kin shaƙe ulu, kin shaƙe gidan nan, ni ma kin shaƙe ni. Allah ya nuna mini ranar da zan fita in bar miki shi, ki yi ta ɗaurewa ke kaɗai!"

A gaban masaƙa ta faɗa. Kuma tana faɗa ta san ƙarya ce. Mutum biyu sun zo neman Hadda, ɗaya har da tumaki talatin, ta sallame su saboda babu wanda ya ce zai ɗauki ƙanwa tare da yayarta. Tuda tana laɓe a bayan ƙofa duka sau biyun.

Ta cikin zaren Tuda ta ga fuskar Hadda a tsage-tsage, ido ɗaya nan, rabin baki can. Hannunta ya tsaya a sama da mataji. Tuda ta figi mayafi ta tafi maƙwabta, ta zauna tana tsince alkama da ba tata ba. Daga can tana jin bugun mataji, dum, dum, dum, tun hantsi har aka kira azahar. Ta ƙi komawa. Ta ce bari Yaya ta ɗan ji a jikinta.

Da ta dawo ba ta tarar da kowa ba. Sama ta yi baƙi ta wajen dutse, Hadda ta hau ta sauko da tumaki kafin ƙanƙara ta zubo. Kafin ta fita ta kira Gwaggo Itto sun naɗe abin da aka saƙa a jikin gungumen ƙasa, kamar yadda ake yi in aiki ya yi tsawo. Duk abin da Hadda ta saƙa ita kaɗai a wannan safiyar ya shige cikin naɗi. Ba mai ganinsa sai ranar yanka.

Tumakin sun dawo da kansu kafin magariba. Hadda sai washegari da hantsi maza suka same ta, a gindin wani tsohon itace, a zaune, ta riga ta cika.

Matan Tagunt ba su cika magana ba. Abin da baki ya kasa faɗa, a ulu suke faɗinsa. Akwai zanen da mace ke sawa in ta yi ɓari, akwai wanda take sawa in miji ya juya mata baya, akwai kuma wani baƙin zane mai ƙafafu a karkace da ake sawa sau ɗaya a rayuwa, ga wanda ba za a yafe wa ba. Tuda ta san shi. Ta taɓa ganinsa a wata tsohuwar darduma da ba wanda ke zama a kai. Hadda ta zauna rabin yini da baƙin ulu a gefenta da waccan magana a kunnenta. Amsarta tana nan a naɗe, taku biyu daga inda Tuda ke kwana.

Bayan sadakar bakwai Gwaggo ta ce a koma saƙa, ba a barin masaƙa da yunwa. Tuda ta koma ita kaɗai. Ta kan fara daga hagu, ta ƙulla har tsakiya, sannan ta ja jiki ta matsa kan buzun da Hadda ke zama, ta ƙarasa. Kwana huɗu tana haka kafin ta zagayo gaba ta duba.

Gefen dama ya tsuke.

Ta auna da tafin hannu. Ta sake aunawa. Ita kaɗai ke taɓa zaren nan, amma daga tsakiya zuwa dama ƙullin a matse yake kamar haƙora, sak hannun Hadda. Washegari ta yi niyya, ta saki yatsunta, har ta riƙa ƙirga numfashi tsakanin ƙulli da ƙulli. Da yamma ta duba, ya ƙara shigewa.

Daga nan ta fara ji. Tana tsakar gida da rana tsaka tana ba ɗan rago madara, sai daga cikin ɗaki, dum. Ta tsaya. Dum, dum. Bugu ne mai nauyi, wanda ke motsa kwanon shayi. In ta ruga ciki sai ta tarar da mataji a rataye inda ta bar shi, hasken taga yana kwance a kan zare, zaren kuma yana wani ɗan siririn kuka da ba a ji sai an riƙe numfashi. Wata rana ta ɗora hannu a kan buzun dama ta ji shi da ɗumi. Ta ce ɗan rago ne ya kwanta. Ta san ɗan ragon yana waje tun safe.

Kullum zaren ƙara ɗamewa yake yi. Gungumen sama ya fara ƙara, ƙiiiƙ, kamar wanda ake murɗewa. Ita ma Tuda haka. Muƙamuƙinta ya riƙe har gurasa ba ta taunuwa, wuyanta ba ya juyawa sai da kafaɗa, yatsunta duk zare ya tsattsage su. Faɗuwar cokali sai ta sa ta zabura.

Ranar da ya rage kwana ukun nan, Gwaggo Itto ta hawo da sandarta tana haki, Bassu yana biye da ita ɗauke da dunƙulen sukari a cikin shuɗiyar takarda. Shi ke tuƙa tsohuwar motar da ke kai mutane kasuwar Laraba. Dogo ne, mai kunya, kullum hannunsa da baƙin mai. Ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Shigo mana, ango," in ji Gwaggo. "Masaƙa ba ta cizo. Bayanta kawai aka hana ka."

"Nan ma ya yi, Gwaggo."

"Ji shi. Mutumin da ke gangara dutsen Tizi da mota babu birki, wai zare yake tsoro."

"Akwai birki."

"Akwai addu'ata dai. Tuda, ɗora mana shayi, kar ki yi mana irin na marowata."

Tuda ta ɗora. Da ta zo zubawa shayin ya zube a faranti. Gwaggo ba ta gani sosai yanzu, amma kunnenta ba ya kuskure. Ta miƙo hannu ta lalubo kafaɗar yarinyar ta matsa.

"Wayyo ni. Kafaɗa ce wannan ko dutsen niƙa?"

"Sanyi ne, Gwaggo."

"Sanyi ne ya hana ki ɗaukar wuƙa? 'Yar nan, jibi war haka kowane gida an ɗora kuskus. Matan ƙauye sun fara kewaye ƙofarki in za su rijiya. Jiya maƙwabciyata Rabha ta ce mini wai in zo da maza a sauke da ƙarfi. Na ce duk namijin da ya taɓa masaƙar 'yar ɗan'uwana sai na fasa masa kai da sandar nan. Amma ba zan iya tare shekara da sanda ba."

Tuda ta sunkuyar da kai. "Tana nan, Gwaggo."

"Wa?"

"Yaya. Ina jin matajinta. Ki shafa gefen dama ki ji, ba hannuna ba ne. Ba ta tafi ba. Tana jira in buɗe in ga abin da ta rubuta mini. Ke kika taya ta naɗi, Gwaggo, don Allah me ta sa? Baƙin nan ne?"

"Idona ya mutu tun kafin jakin Rabha."

"Hannunki bai mutu ba."

Tsohuwar ta kurɓi shayi, ta daɗe tana juya shi a baki. "Abin da ke cikin naɗi ba a faɗinsa. Kin sani."

"To ba zan yanka ba. In na bar ta a tsaye, ko ba komai ina jin motsinta a gidan. In na yanka, ta tafi ke nan, ta bar ni da abin da ta bari. In kuwa baƙin ne..." Ta dubi Bassu, karo na farko tun shigowarsa. "Ba zan kai shi gidan kowa ba. Ka nemi wata, Bassu. Wadda bakinta bai kashe kowa ba."

Bassu ya juya hularsa a hannu. Ɗan ragon ya shigo ta tsakanin ƙafafunsa ya nufi wajen murhu, ya bi shi da ido.

"Akwai abin da ban faɗa miki ba," ya ce. "An ce kar a tayar miki da hankali. Kin san mun sauko da wannan tare da ita. Ba a gefenta muka same shi ba. A cikin bargonta yake, a ƙirjinta. Uwar ta haife shi a can sama ta bi garke ta bar shi, shi Hadda ta koma nema. Ta rungume shi ta naɗe bargon ta ƙulle da ɗamararta, irin ƙullin nan nata. Mu huɗu muka kasa kwancewa, sai da wuƙa. Hannuwan kuma sai da muka sauko gida aka zuba ruwan ɗumi kafin suka sake shi. Yana ta kuka a ciki, da ransa. Da wani ne ya riƙe shi, da iska ta shiga. Ni dai abin da na gani ke nan. Ban san ko zai yi miki amfani ba."

Tuda ta dubi ɗan ragon yana shinshinar toka. Ta tuna hanyar kasuwa, da yadda yatsunta kan yi fari a cikin hannun Hadda, tana kuka tana cewa sake ni, Hadda tana cewa in na sake ki wa zai ba ni wata.

Gwaggo ta ajiye kofi. Wasan ya bar muryarta.

"Saurara, ɗiyata. Ni ban san ko Hadda ce ke buga mataji ba. Uwata ta rasu shekara hamsin, har gobe in na ɗora saƙa ina jin tarinta a bayana. Wannan ba abin tsoro ba ne. Abin da ke hana ni barci daban ne. Yarinyar nan ta cika a kan dutse ita kaɗai. Ba wanda ya ɗiga mata ruwa a leɓe, ba wanda ya laƙƙana mata kalma. Ni na yi mata wanka, na shafa leɓen na ji shi a bushe." Ta nuna masaƙa da sanda. "Ga wata nan ta gama kwananta tun Juma'a, tana tsaye a ɗaure tana jiran ruwa, ke kuma kin hana. Sau biyu za a yi a gida ɗaya?"

Gungumen sama ya yi ƙara, su ukun suka ɗaga kai.

Ba ta yanka a ranar ba, ba ta yanka washegari ba. Sai ranar jajibiri, bayan la'asar, lokacin da hayaƙin kuskus ya tashi daga kowane rufi, yara suna ta gudu a kan ƙanƙara, ta aika aka kira Gwaggo. Bassu ya rako ta, ya zauna a kan dakali a waje, domin shi zai fitar da gungume. Aka rufe ƙofa.

Tuda ta yi alwala. Ta ɗebo ruwa a ƙwaryar katako da Hadda ke sha da ita. Ta sauko da matajin ƙarfe, ta ji nauyinsa, ta ga inda tafin yayarta ya cinye maƙamar har ta yi santsi. Ta tsoma haƙoransa a ruwa, ta bi saman saƙar da shi a hankali daga hagu, ruwan yana gangarowa a jikin zare ɗigo-ɗigo.

"Faɗi," in ji Gwaggo.

"Sha, masaƙa. Yau mun shayar da ke, ranar ƙishirwa ki tuna da mu."

Ta kai tsakiya. Ta sake tsomawa, ta shiga gefen dama. Nan zaren ya shanye ruwan nan take, kamar ƙasar rani. Ta ƙara. Ya shanye. Sai ta ajiye mataji ta tsoma yatsunta, ta riƙa ɗiga wa zaren ɗaya bayan ɗaya, yadda ake yi wa leɓe.

"Sha, Yaya," ta ce. "Sha. Na makara, amma ga shi. Sha."

Ta durƙusa ta kai bakinta dab da zaren ta faɗi kalmar shahada a hankali, sau uku, kamar mai raɗa a kunne. Gwaggo tana amsawa daga baya.

Sannan ta ɗauki wuƙa.

Zaren hagu ya yanku cikin sauƙi, fat, fat, fat. Da ta wuce tsakiya kowane zare sai ya tsinke da ƙara tun kafin kaifi ya gama shiga, ya yi tsalle ya mare ta a hannu. Ta ci gaba, hawaye yana hana ta gani. Saura goma, saura biyar. Na ƙarshe, can a bakin gefen Hadda, shi kaɗai yake riƙe da komai, yana rawa yana wannan siririn kukan. Tuda ta riƙe shi tsakanin yatsu biyu har ya yi shiru. Ta yanka.

Gungumen sama ya sauke wani dogon nishi. Darduma ta zube a gwiwoyinta da nauyi, da ɗumi, kamar mutum ya faɗo mata a jiki.

"Allah ya jiƙanta," in ji Gwaggo. "Kama can mu warware."

Suka riƙa juya gungumen ƙasa, darduma tana fitowa tana shimfiɗuwa a tsakar ɗaki. Aikin Tuda na kwanakin makoki ne ya fara fitowa, da gefensa a tsuke. Ya yi ta fitowa. Tuda ta san daidai inda nata ya fara, domin ta sa jan zare a wurin. Da ta hango jan zaren ta rufe ido.

"Ba zan iya ba, Gwaggo."

"To kar ki duba. Kawo hannunki."

Tsohuwar ta kama hannunta ta ɗora a kan ulu, ƙasa da jan zaren. Tuda ta shafa. Ta sake shafawa. Yatsanta ya nutse, ya ɓulla ta baya.

Ta buɗe ido.

Babu baƙin zane. Babu zane ko ɗaya. Farin ulu ne zalla, faɗin tafin hannu, daga wannan gefe har wancan, kuma a duk Tagunt ba a taɓa yin mummunar saƙa irinsa ba. Layin farko a matse yake, na biyu ya ɗan saki, na uku ya sake matsewa kamar hannun ya manta ya koma halinsa. Daga nan sai sakin ya yi ta ƙaruwa, har ya wuce misali: ƙulli a kwance, ƙulli a karkace, wani ma da ƙyar ya kama zare. A saman layukan ƙarshe gefen dama ya buɗe, ya dawo daidai da na hagu.

"Da muka zo naɗi na shafa," in ji Gwaggo, "na ce ke Hadda, wane jariri ne ya yi miki wasa a masaƙa? Ta yi dariya. Ta ce, Gwaggo, ashe hannun yarinyar nan wuya gare shi, tun safe nake koyo na kasa. Ta ce kar ki faɗa mata, sai na iya tukuna."

Tuda ta kifa fuskarta a kan farin ulun. Wani sauti ya fito daga ƙirjinta wanda bai yi kama da kuka ba tukuna, irin na igiya da aka daɗe da ɗaurewa. Muƙamuƙinta ya saki, kafaɗunta suka zube, sannan kukan ya zo, wanda ba ta yi ba ranar jana'iza, ba ta yi ba ranar bakwai. Gwaggo ta bar ta. Ta zauna tana shafa mata baya tana kallon bango da idonta marar gani.

Da ta lafa, Tuda ta ja hannun tsohuwar ta ɗora sama da jan zaren, a gefen dama, inda ƙulli ya matse kamar haƙora.

"Wannan fa? Ni ce, ko ita?"

Gwaggo ta daɗe tana lalube. Ta bi layi da farce, ta juya bayan dardumar ta shafa, ta koma gaba.

"Shekara sittin ina gane hannun mace da ido a rufe," ta ce. "Wannan ban sani ba."

Aka buɗe ƙofa. Bassu ya shigo ya ciccibi gungume ɗaya bayan ɗaya ya kai bayan ɗaki, rana tana dab da faɗuwa. Da ya dawo ya tsaya yana kallon dardumar a shimfiɗe. Ta tsuke a ƙasa, ta buɗe a tsakiya, ta sake tsukewa a sama.

"Akwai wani mutum a kasuwar Laraba," ya ce a hankali. "Yana jiƙa su ya kafa turaku ya ja, su miƙe sarai. Ba mai ganewa."

"Kul ka taɓa ta," in ji Tuda.

"To."

"Haka za a shimfiɗa ta. In danginka sun yi dariya su yi."

"Danginsa?" in ji Gwaggo tana neman sandarta. "Waɗanda har yau a kan buhu suke zama? Tashi ki wanke fuska, kuskus ɗina yana can yana ƙonewa saboda ku. Kai kuma ango, ɗauko ɗan ragon nan, yau ba a barin mai rai shi kaɗai a gida."

Suka fita gaba. Tuda ta tsaya ja ƙofa. Ɗakin ya yi faɗi, bangon da masaƙa ta rufe wata uku ya fito fili da alamar bayansu su biyu, inda kafaɗu suka goge farar ƙasa. Ta riƙe numfashi ta kasa kunne, kamar yadda ta saba kwana arba'in.

Ba bugu, ba kukan zare. Ta ƙara jira kaɗan, ko za a yi sau ɗaya. Daga can ƙasa Gwaggo ta ƙwala mata kira, ta ja ƙofar a hankali, ba ta sa sakata ba.